Yaron Gida Ya Nemi Wakilcin Haja, Ba Rashin Kunya Ba Ne

Maganata yau a kan samarin nan ce masu aiki ƙarƙashin attajirai, ko a injin casar shinkafa, ko a sito, ko a ƙungiyar manoma.

Ku dubi buhun shinkafa guda. Wani ne ke shiga ƙauyuka ya sayo shanshera, mata su turara su shanya, mai inji ya cashe, mai awo ya auna, direba ya kai Gusau ko Jega ko Sakkwato. To, in mai saye ya kwance ya iske tsakuwa, ko ya ji wari don an ɗinke buhu da danshi, wa za a tambaya? Mai inji ya ce haka aka kawo masa, mai sayowa ya ce sa'ad da ya saya lafiyarta lau. Maigida kuwa hajarsa ta kai goma, ba shi da sukunin bin diddigi. Sannu a hankali ciniki ya koma gidan wani.

Mutanen ƙasan nan sun ga abin da ya fi wannan ɗaci. Dutsen zinariya ma haka aka rarraba aikinsa: mai haƙa, mai niƙa, mai wanki, mai saye. Babu wanda aikinsa ne ya tambaya ko mene ne a cikin dutsen ban da zinariya. A 2010 aka gane gubar dalma ce ke kashe yara a Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, har aka rasa kimanin 400. Ba na cewa mutum guda zai hana wannan masifa duka, gama talauci na ciki. Amma haja marar uba ba ta rasa ɓarna.

Shawarata ita ce, yaron da ya ga wannan giɓi a wurin aikinsa, ya san hajar kuma, ya tafi wurin maigidansa ya ce a ɗora masa wakilcinta. Watau ya zama shi ne mai amsa tambaya a kan haja guda, tun daga gona har hannun mai saye: irin da za a sayo, awon buhu, farashi, da ƙorafin masu ciniki. Kamfanonin zamani suna kiran mai wannan aiki manajan haja, ni kuwa na fi son a ce wakilin haja.

Asalin muƙamin nan ma wani yaron gida ne ya roƙe shi. A Amurka, a kamfanin sabulu na Procter & Gamble, akwai wani saurayi Neil McElroy, yana tallar sabulun Camay. Ya ga ƙarfin kamfani duk ya tafi ga babban sabulunsu Ivory, nasa ya zama ɗan bora. Ran 13 ga Mayu 1931, yana ɗan shekara 26, ya rubuta wa manyansa takarda, ya ce kowane sabulu a ba shi mutuminsa, wanda zai bi yankunan da ciniki ya yi rauni, ya gano dalili, ya kawo gyara, ya kuma ɗauki laifi in abin bai ci ba. Aka karɓa. A 1948 shi ne shugaban kamfanin, a 1957 ya zama Sakataren Tsaro na Amurka.

Na sani wani malami zai ce, ai an hana mu neman shugabanci, hadisi ya zo a kan haka. Gaskiya ne, wanda ya nema don kwaɗayi akan bar shi da kayansa. Amma a tuna da Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi bisa taskokin ƙasa. Sai dai ku lura da jerin al'amarin: sai da ya shimfiɗa dabarar ajiyar hatsi ta shekara bakwai tukuna, sarki ya ga amfaninsa, kana ya nemi aikin, ya kuma ambaci amana da sani su ne hujjarsa.

Saboda haka, samari, kada wani ya soma da zancen albashi ko suna. Ya soma da lissafi. Ya yi wata biyu ko uku yana rubuta buhu nawa aka komo da su, da dalili, da kuɗin da aka yi hasara. Ya sami maigida shi kaɗai, ba a gaban mutane ba, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da na gani. A jarraba ni kaka guda bisa shinkafa kurum. In ba a ga bambanci ba, in koma inda nake." Ya kuma roƙi abu guda wanda in babu shi aikin banza ne: ikon ya ce wannan buhu ba zai fita ba. Wakilin da ba ya iya tsai da mota mai kaya, ɗan kallo ne, laifi kaɗai zai riƙa kwasa.

Ya sani kuma zai sha baƙin jini. Mai inji ya girme shi, mai awo wataƙila ɗan'uwan maigida ne, ba kuwa wanda ke ƙarƙashinsa a cikinsu. Da lallashi zai tafi da su, kamar yadda madugu ke tafiya da ayarin da dabbobinsa ba nasa ba ne.

Ku kuma iyayen gida, in yaro ya zo muku da irin wannan takarda, kada ku ce ya yi girman kai ko yana hangen kujerarku. Ku karanta, ku gwada lissafinsa da littafin akawu. In kun yarda, ku tara mai inji da mai awo da direba, ku faɗa da bakinku a gabansu cewa daga yau zancen shinkafa wurin wane yake, ku kuma yanka ranar da za a zauna a duba abin da kakar ta bayar.