ZAUREN ANTI: Kada Ki Buga Sai An Biya

A wannan fitowar na yi niyyar mu ƙarasa zancen lefe da muka faro, to amma sai ga wata wasiƙa ta faɗo hannuna daga Maigatari, wadda tun da na karanta ta na kasa samun sukuni, domin kuwa yarinyar ta fama mini wani tsohon miki da na ɗauka ya warke. Masu jiran zancen lefe ku yi mini afuwa.

Ba zan faɗi sunanta ba. Ta ce bara ta gama sakandare, tana zaune a gida tana fatan samun gurbi a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Allah Ya hore mata iya tsara zane da rubutu a waya, har ƙawayenta ita suke kawo wa katin gayyatar biki. To sai ta riƙa ganin wasu mata a TikTok suna cewa suna sayar da riguna da kofuna da littattafai ta intanet alhali ba su da shago, ba a buga kaya sai wani ya yi oda. Abin ya shiga ranta. Wani ya ce mata ai sai ta sayi inji tukuna. Saurayinta, wanda har an kai kuɗin gaisuwa, ya ce zai ba ta rabin kuɗin, ita kuma ta kai tumakinta biyu kasuwa ranar Alhamis ta cika. Ƙarshen wasiƙar ta ce, "Anti don Allah in karɓa?"

Ƙanwata, kada ki karɓa. Tumakin nan kuma ki ƙara musu dusa, ba inda za su. Zauna ki ji dalili.

A 1996 ni ma ina budurwa kamarki, kuma a lokacin duk yarinyar da ta iya riƙe biro a ƙasar nan burinta ta ga sunanta a bangon littafi. Tun da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991 ya karaɗe ko'ina, ga su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa mata 'yan uwanmu ana ta rububin littattafansu, sai kowa ta ce ni ma zan iya. Ba wani kamfani ne ke ɗaukar nauyi ba, marubuci shi zai nemo kuɗinsa ya kai maɗaba'a. Shi ya sa kuke ganin littattafan lokacin kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku. Cinikin na ɗaya ne ke buga na biyu.

Na cika littafin rubutu huɗu da labarina. Ina da wata karsana da mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, ya ba ni tun tana 'yar maraƙa. Na yi ta kuka ina magiya har ya gaji ya sa aka ja ta zuwa kara a nan Maigatari. Har yau in na rufe ido ina ganin yadda take waiwayowa. Yayana ya raka ni Kano, muka bi ta Gumel, Gujungu, Gezawa, kuɗin na ɗaure a bakin zane ina ta taɓawa kamar mai ciwon ciki.

Mai maɗaba'ar ya ce kwafi 2,000 zai buga, ƙasa da haka asara ce. Ba ƙarya ya yi ba, haka aikin yake a wancan zamanin. Sai an ɗauki shafukan a jikin wani farantin ƙarfe da suke kira fileti kafin a ɗora wa inji, kuma kuɗin filetin ɗaya ne, ko kwafi 100 za ki buga ko 2,000. Da yawan bugu ake samun sauƙin kowane kwafi. Na amince.

Ke dai bari! Masu shagon littattafai suka karɓa, amma ba wanda ya ba ni ko sisi, wai sai an sayar. In na je karɓar kuɗi a ce maigidan ya fita, in na koma a ce kasuwa ba ta tafiya. Kuɗin mota ya fi abin da nake karɓowa. Sama da rabi na kwaso na dawo da su gida, kwali-kwali a ƙarƙashin gadon Inna. Damina biyu gara ta yi walima. Ragowar ƙanena ya kwashe ya sayar wa masu tuya ban sani ba, sai wata safiya da aka sayo mana ƙosai, ina buɗe ƙunshin na ga shafi na 37, daidai inda jarumata ke kuka a bakin rijiya, ga mai ya jiƙe ta sharkaf. Inna ta yi dariya har da hawaye. Ni ma hawayen na yi, amma ba na dariya ba. Littafi na biyu bai taɓa fitowa ba.

To wannan sana'ar da kika gani, ni sunan da na raɗa mata shi ne "biya a buga", kuma duk daɗinta abu ɗaya ne: ta kashe kwalin ƙarƙashin gado. Injinan yanzu daga kwamfuta suke karɓar aiki kai tsaye, babu fileti, don haka kwafi ɗaya tak ma ana bugawa. A ƙasashen waje kamfanoni ne suka tsaya a kan haka. Lulu ya fara da littattafai tun 2002. Amazon na da nasa sashen mai suna KDP. Printful, wanda 'yan ƙasar Latbiya suka kafa a 2013, shi riguna da kofuna da jakunkuna ya fi yi. Ke naki ki ɗora zanenki ko rubutunki ki sa farashi. In wani ya saya, su za su buga, su naɗe, su aika masa, su cire kuɗin bugu da nasu kason, abin da ya rage shi ne naki. In ba wanda ya saya, ba abin da aka buga, ba ki ci ba amma ba a ci ki ba.

Kin ga ke nan wanda ya ce sai kin sayi inji bai fahimci abin ba sam. Ranar da kika sayi inji kin koma ni a 1996. Sai kin tara fararen kofuna da riguna, sai tawada, sai janareto da fetur tunda kin san halin wutarmu, in ya lalace kuma sai an ɗauke shi zuwa Kano. Kafin oda ta farko ta shigo tumaki sun tafi.

Amma kada in yaudare ki da zancen Amazon. Wuraren bugunsu suna Amurka da Turai da Japan da irinsu, babu a Nijeriya. Littafin da aka buga a can, kafin ya iso Gagarawa kuɗin aike ya ninka kuɗin littafin. Wannan ƙofar ta mai neman Hausawan da ke zaune a Ingila ko Amurka ce, ga kuma wahalar buɗe asusun da dala za ta shigo. Matan TikTok ɗin nan ma ki lura, da yawansu ba riga suke sayarwa ba, darasin koyon sayar da riga suke sayarwa. Ki bar wannan sai gaba.

Kasuwarki tana nan a bakin ƙofarku. Wane biki ake yi yanzu ba a raba memo da kofi da jaka mai sunan amarya da ango ba? Ga suna, ga walimar sauka a Islamiyya, ga 'yan ajin ƙarshe masu son riga iri ɗaya, ga kalandar ƙungiyoyi. Daga Sule Tankarkar zuwa Gumel duk mai son irin wannan sai ya tashi mutum takanas zuwa Kano, ya kwana biyu yana bin masu firintin. Wannan wahalar ita za ki ɗauke musu. Ki samu mai maɗaba'a ɗaya mai amana, a Gumel in akwai mai injin da kike so, in babu a Kano, kuma yayanki ko kawunki ya je ya gan shi ido da ido, kada ki yarda da wanda a waya kawai kika san shi. Ya ba ki farashin kowane abu a rubuce. Ki tsara samfuri biyar ko shida a Canva ki sa a sitatus ɗin WhatsApp. Mai so ta turo kuɗi, ke ki tura wa mai bugu aikin da nasa kuɗin, shi ya kai tasha ya ba direban Maigatari, ƙanenki ya karɓo. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 har dillalan kara sun iya tiransifa, balle uwar amarya.

Wajen lissafi ne 'yan mata ke faɗuwa, don haka buɗe kunnenki. A ce mai bugu ya ce miki memo ɗaya naira 700, kika sa 900, aka yi odar 100. Kina murna kin ci 20,000. To cire kuɗin direba, cire na ɗan acaɓan da ya kai tasha, cire data, cire abin da mai POS zai yanka, sannan ki ware wani abu saboda ranar da kofi zai fashe a hanya, don wallahi sai ya fashe. Abin da ya saura shi ne ribarki. Ki yi wannan lissafin kafin ki faɗi farashi, ba bayan kin faɗa ba. Kuɗin kafin alƙalami kuma kada ya gaza abin da za ki biya mai bugu gaba ɗaya. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, sai kin buɗe asusunki kin gani da idonki. Wadda ta ce "haba ke kuwa, kamar ba 'yar uwa ba, ki buga bayan biki na ba ki", ki yi mata murmushi ki ce mai injin ne ba ya yarda. Bayan biki amarya ta tare, uwar amarya na fama da bashin kayan ɗaki, wa zai tuna da ke?

Sai abin da ya fi ci mini rai, wato rubutu. Yawancin salon haruffa masu ƙyalƙyali da ke cikin waya ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Za ki rubuta daidai, a wajen bugu harafin ya ɓace ko ya koma ɗan akwati. In kuma kika ce bari ki cire lanƙwasar, sai ki rubuta wa amarya "Allah Ya kara" a maimakon "Allah Ya ƙara", a jikin kofi 200. Ki sa mai bugu ya fitar da guda ɗaya ya ɗauko miki hotonsa, ki tura wa mai kaya ta duba ta rubuto "na yarda", sannan a saki inji.

Ke da kike bakin iyaka ma kina da wata kasuwar da 'yan Kano ba su da ita. Mutanen Dungas da Magarya har Damagaram suna shigowa cin kasuwar Alhamis, kuma biki ɗaya muke yi da su. Sai dai su da salon Faransanci suke rubuta suna. Wadda ke za ki rubuta wa A'ishatu, a takardunta Aïchatou ce, Usman kuma Ousmane. Kada ki gyara wa kowa sunansa, ki ce ta rubuto da hannunta. Ki kuma tantance da naira ake magana ko da sefa, domin jakarsu ba jakarmu ba ce. Sannan ki tuna iyakar nan an rufe ta daga Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 sai a Maris na 2024 aka buɗe. Kayan wancan ɓangaren ki ce a zo a karɓa a Maigatari, kada ki ɗauki alkawarin tsallakarwa.

Abu biyu kuma ki kiyaye. Kada ki buga ayar Alƙur'ani a jikin leda ko riga ko abin da kin san ƙarshensa juji, ko an biya ki. Hoton amarya kuwa amana ne, ba kya sa shi a sitatus don talla sai da izininta da na mijinta. Na san gidan da hoto ɗaya ya hana zaman lafiya wata guda.

Yanzu mu dawo kan saurayin naki. Ban ce mugu ba ne, wataƙila ma da zuciya ɗaya ya faɗa, Allah Ya saka masa. Amma ke 'yar ƙasar nan ce, kin san yadda ake yi in magana ta lalace. Sai a zo da takarda a zauna a zaure ana lissafi, turmi kaza, waya kaza, kuɗi kaza, wani lokacin har gaban alƙali. Na ga yarinyar da zuciyarta ta riga ta fita daga neman, amma ta shiga ɗakin a dole saboda mahaifinta ba shi da abin mayarwa. Toshi daban, jari daban. In aka ɗaura kina son shi, to ki shiga da sana'ar da ba wanda zai ce "ai ni na kafa ki" ranar da aka yi saɓani. In yana son taimakawa, ya kawo miki odar abokansa masu shirin aure, ya biya kamar kowa. Kuma ki gaya wa Inna da Baba komai tun yau, lambar da za ki sa a talla ma in da hali ta zama daban da taki, don masu "salam 'yan mata" da tsakar dare sun fi masu oda yawa.

Af, na manta ban gaya muku ba. Watannin baya a wani biki a Sule Tankarkar wata mata mai jikoki ta riƙe mini mayafi ta ce, "Ke ce mai littafin nan? Don Allah yarinyar nan ta bakin rijiya, ta auri malamin ko ɗan Alhajin aka ba ta?" Kusan shekara talatin tana jira, baiwar Allah. Na dawo gida na buɗe tsohuwar akwatina, ga littattafan rubutun nan biyu da suka rage, gara ba ta taɓa su ba. 'Yar ƙanwata tana buga mini su a kwamfuta yanzu haka. Na tambayi mai bugu, ya ce ko goma nake so zai yi. Zuwa jiya mutum bakwai sun biya, don haka bakwai za a buga, sai ɗaya na matar nan, wannan ni zan biya.

Zancen lefe sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum, Anti.