A Ba Ɗalibai Ragamar Bayan Labule

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7, Yohanna 2:1-11

Duk lokacin da zumuntarmu ta fara shirin wasan kwaikwayon Kirsimeti ko na Ista, rabon matsayi yakan zo da gardama. Kowa yana so ya zama Yusufu, ko Maryamu, ko mala'ika. Har Hirudus ma yakan sami masu nema. Amma da zarar an tambayi wanda zai kula da janareta, ko ya tattara sutura, ko ya ja labule, sai ɗaki ya yi tsit. A ƙarshe aikin yakan faɗa kan wanda ya zo a makare, ko kuwa wani dattijo ya ɗauke shi don kada a ji kunya.

Muna ganin wannan asara ce. Ya kamata mu danƙa ayyukan bayan labule a hannun ɗalibai da gangan, kowane aiki da sunan mai shi, domin a nan ake koyon shugabanci.

Mu dubi abin da aikin ya ƙunsa a gari kamar Gumel. Mai kula da wuta dole ya ɗauka cewa lantarki zai iya ɗaukewa a tsakiyar wasa, saboda haka zai tanadi mai, ya gwada janareta tun da rana. Mai kula da sauti ya san ƙurar hunturu tana shiga lasifika da makirfo a watan Disamba. Mai kula da sutura za ta bi gidajen mambobi ta ari zannuwa da sandunan makiyaya, ta rubuta na wane da na wance, ta mayar da su a wanke. Mai kula da dandamali kuwa shi ne zai tsara ranakun gwaji, ya tuna cewa wasu sukan tafi kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wasu kuma daga Gagarawa ko Sule Tankarkar suke zuwa, dole su koma kafin dare. Tsara lokaci ke nan, da riƙon amana, da lissafin kuɗi, da iya gaya wa aboki "ka makara" ba tare da zumunci ya ɓaci ba. Me kuma ake nema wurin sakataren ikilisiya ko ma'aji?

Masana wannan fanni sun daɗe da gane haka. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda aka gina gidan wasan kwaikwayo da laka a tsakiyar shekarun 1970, karatun wasan kwaikwayo ya haɗa da tsara dandamali da haske da sutura, ba fitowa gaban jama'a kaɗai ba. Ku lura kuma da jerin sunayen da ke wucewa a ƙarshen finafinan Kano: da yawa daga cikinsu ba mu taɓa ganin fuskarsu ba.

Littafi Mai Tsarki ya riga su. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi saboda ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce kowa ma ya iya wannan aiki ba. Sun sa a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, suka yi addu'a, suka ɗora musu hannu. Daga cikin masu rabon abincin nan Istifanas da Filibus suka fito. A bikin Kana ma, uban biki ya ɗanɗana ruwan inabi bai san inda ya fito ba, amma barorin da suka cika tuluna sun sani. Waɗanda ke baya su suka ga abin da Yesu ya yi.

Wasu iyayenmu za su ce yara za su ɓata wasan, gara babba ya riƙe. Mun fahimci damuwarsu, gama ranar Kirsimeti majami'a takan cika da baƙi. Amma in labule ya maƙale na minti ɗaya, ba a rasa kome ba sai ɗan dariya. Asarar gaske ita ce ranar da za a ba mutum ajiyar baikon ikilisiya alhali bai taɓa riƙe lissafin kuɗin man janareta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babba ya tsaya kusa ya ba da shawara, amma ya bar makullin a hannun ɗalibin.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu musamman. Yawancin matasanmu masu wucewa ne. Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel yakan yi shekara uku ya tafi, mai bautar ƙasa shekara ɗaya. Idan mutum ɗaya ne ya san yadda ake haɗa wayoyin lasifika, ranar da ya ɗaure kayansa za mu koma farko. Saboda haka kowane mai aiki ya ɗauki mataimaki daga ajin da ke ƙasa da nasa, a kuma ajiye littafi guda da za a riƙa rubuta abin da aka aro, da abin da aka kashe, da abin da ya ba da wahala.

Ga roƙonmu ga shugabannin zumunta. A wasa mai zuwa, a fara raba ayyukan baya kafin na gaba. A kira masu su gaban jama'a a yi musu addu'a kamar yadda ake yi wa mawaƙa. Bayan an gama, a ambaci sunayensu. Ku kuma ɗalibai, in an nemi mai jan labule, ku ɗaga hannu.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, kai da ka ɗaura tawul ka wanke ƙafafun almajiranka, ka koya mana aminci a wurin da ba mai ganinmu sai kai. Amin.