Bindigar Mace Ba Kayan Lefe Ba Ce

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a birnin Houston na jihar Texas, kuma yawancin aikinta na dare ne. Sau biyu cikin wata guda wani mutum ya biyo ta daga ƙofar asibiti har inda take ajiye mota. A karo na biyu har ya kama murfin motar kafin ta danna makulli. Da gari ya waye ta kira ni, muryarta a dake, ta ce, "Yaya, bindiga zan saya."

Abin da na yi daga nan shi ne dalilin wannan rubutu, don ni ne mai laifi na farko a cikinsa. Na kwana biyu ina karance-karance a intanet, na ɗauke ta muka tafi shagon sayar da bindigogi. Mai shagon ya gaishe ni, ya tambaye ni abin da nake nema, na ce wa ƙanwata ce. Bai dubi hannunta ba, bai tambaye ta ko ta taɓa harbi ba. Ya buɗe gilashi ya ɗauko wata 'yar libarba mai mariƙi ruwan hoda, ya ce wannan ita ce ta mata: ba nauyi, ba wuyar sarrafawa, sai dai a nuna a harba. Na gyaɗa kai kamar wanda ya san abin da ake faɗa. Ita ta cike takardar gwamnati aka binciki tarihinta, amma zaɓin namu ne, mu maza biyu, tana tsaye a gefe kamar amaryar da ake haɗa wa lefe.

Ranar Asabar muka je filin koyon harbi. Ta harba harsashi biyar daga nisan mita shida, ɗaya ne kawai ya taɓa takardar. Tsakanin babban yatsanta da manuni ya yi jawur. Ta ajiye bindigar ta ce, "Yaya, wannan abu ni yake duka." Wata bakwai bindigar ta yi a kulle cikin akwati. Mutumin da ya biyo ta bai san da zamanta ba, ita kuma ta ƙaru da sabon tsoro: tsoron abin da aka ce zai kare ta.

Na san mai karatu a Kano ko Damagaram zai ce ina ruwansa. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta wa farar hula sai da lasisin shugaban ƙasa, saboda haka wannan zance na Amurka ne, kuma a can zan bar shi. Can tsarin mulki ya ba da 'yancin riƙe makami tun 1791. A 2022 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bruen, ta ce 'yancin ya haɗa da fita da ƙaramar bindiga waje don kare kai. Texas kuwa tun ranar 1 ga Satumba 2021 ta yarda wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta hana shi ba ya ɗauki bindiga ba tare da lasisi ba. Amma halin da nake so in yi wa bulala ba shi da fasfo: halin namiji ya yanke wa mace hukunci a kan abin da hannunta ne zai riƙe, ranta ne kuma zai dogara da shi.

Ga maganata a fili. Shawarar da aka fi ba mace mai sayen bindigar farko a Amurka, wato ta sayi mafi ƙanƙanta kuma mafi sauƙin nauyi, muguwar shawara ce, kuma masu ba da ita ko dai ba su san lissafi ba, ko sun sani sun fi son ciniki.

Lissafin ba mai wuya ba ne, ɗan sakandare ya san shi. Duk ƙarfin da ya tura harsashi gaba, irinsa ne ke tura bindiga baya. Bindiga mai nauyi tana shanye wannan naushi, mara nauyi tana miƙa shi ga tafin hannu. Smith & Wesson 642, wadda ita ce uwar irin waɗannan 'yan libarbobi, nauyinta bai wuce giram 420 ba, tana cin harsashi biyar, kuma kafin kunamarta ta saki sai yatsa ya ja da ƙarfin da ya kai kilo biyar. Ka yi tunani: ana so yatsa ɗaya ya ja kilo biyar a jikin abin da bai kai rabin kilo ba, kuma bakin bindigar kada ya karkace. Glock 19, wadda mai shago zai ce ta yi wa mace girma, nauyinta ya haura giram 650, tana cin harsashi 15, kunamarta kuwa kusan rabin ƙarfin waccan take bukata. Ƙari a kan haka, gajeriyar bindiga tazarar da ke tsakanin saitinta na gaba da na baya kaɗan ce, don haka ɗan kuskuren ido yana zama babban kuskure a inda harsashi ya faɗa. Masu koyar da harbi sun daɗe suna cewa 'yar libarba bindigar gwanaye ce. Ita ce kuma ake ɗora wa wadda ba ta taɓa jin ƙarar harbi a kusa ba. Kyan ɗan maciji ke nan.

Ni sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma na san wannan cuta daga ofis. Mukan zauna mu ƙirƙiri mai amfani da manhaja a cikin kanmu, mu ce ba ya son wahala, ba ya gane komai, mu gina masa abu, sai ranar da mutum na gaske ya zauna gaban allo mu ga duk hasashenmu shirme ne. Maganin da sana'ar ta koya da tsada shi ne gwaji: a kawo mutumin, a ba shi abin, a yi shiru a kalla. Macen da ke cikin kan mai shago ba ta wanzu ba. Ya ɗauka ba za ta iya koyon ɗana fistol ba, alhali tana sa wa jariri allura a jijiya da ƙarfe uku na dare. Ya ɗauka launi ne damuwarta. Ni da na karanta ilimin kwamfuta, nake yi wa abokan aiki wa'azin gwaji, na tsaya aka sayar wa ƙanwata abin da ba ta taɓa gwadawa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ranar ni ya ɗaure.

Masu kare ƙaramar bindiga suna da hujja, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Sukan ce bindigar da aka bari a gida saboda nauyi ba ta kare kowa, gara ƙarama a jiki da babba a akwati. Gaskiya ne. Sukan ce libarba ba ta cika sarƙewa ba, kuma wasu hannuwa, musamman masu ciwon gaɓɓai, ba sa iya jan marfin fistol baya. Wannan ma gaskiya ne. Amsata ita ce bindigar da ke sa mai ita zafi ba za a yi atisaye da ita ba, wadda ba a atisaye da ita kuwa, ranar tashin hankali harsashinta zai tafi inda ya ga dama, kuma a wurin ajiye motocin asibiti akwai marasa lafiya da masu jinyarsu. Doka za ta tambayi mai harbi kowane harsashi. Sannan hujjar jan marfi ta tsufa. A 2018 Smith & Wesson ta fitar da Shield EZ, wadda aka yi musamman don marfinta ya ja da sauƙi. A shekarar ce SIG Sauer ta fitar da P365, siririya mai cin harsashi 10. A 2022 Walther ta kawo PDP F-Series, da aka rage kaurin mariƙinta aka matso da kunama kusa don ƙaramin hannu. Masu ƙera bindiga sun auna hannun mata. Masu sayarwa ne suka tsaya a fenti.

Yanzu sai abin da mai shago ba zai taɓa faɗa ba, don babu riba a cikinsa. Kafin a tambayi wace bindiga, akwai tambayar ko ya kamata ma a saya. Alƙaluman hukumar lafiya ta Amurka sun nuna mutum sama da 48,000 ne suka mutu da harbin bindiga a 2021, kuma fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. Binciken da Jacquelyn Campbell ta jagoranta, wanda aka buga a 2003, ya gano cewa matar da mijinta ko saurayinta ke dukanta, in yana iya kai hannu ga bindiga, haɗarin ya kashe ta yana ninkuwa kusan sau biyar. Tallan kamfanoni yana nuna baƙo a lungu mai duhu, amma mafi yawan matan da ake kashewa a ƙasar wanda suka sani ne ke kashe su. Shi ya sa tun 1996 dokar tarayya ta hana wanda aka samu da laifin dukan iyali mallakar bindiga, kuma a 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar Rahimi, alƙalai takwas cikin tara suka tabbatar da hana wanda kotu ta umarta ya nisanci abokiyar zamansa. Macen da ke zaune da mai dukanta, ko take fama da ƙuncin da ke kai mutum ga tunanin mutuwa, bindiga a gidanta tana iya zama wuƙar da aka wasa wa kai. Duk wanda ya ce mata "saya kawai" bai tambayi wa take kwana da shi ba, ba masoyinta ba ne.

Akwai kuma jaka. Da zarar an ce mace, sai a ce ta jefa a jakar hannu. A watan Disamba 2014, a wani kanti a garin Hayden na jihar Idaho, yaro ɗan shekara biyu ya zuge jakar mahaifiyarsa, jakar da aka ɗinka musamman don ɓoye bindiga, ya danna kunama ya kashe ta. Matar masaniyar kimiyya ce, tana da lasisi, ta saba da harbi. Jaka ana ajiye ta, ana fizge ta, yara suna laluben ta, kuma ɓarawon da ya fizge ta ya tafi da makamin. Bindiga wurinta jiki, cikin kube mai tauri da ya rufe kunama ruf. Nan ne matsalar mata ta gaske take, wadda ruwan hoda ba ya warwarewa: kusan duk kuben da ke kasuwa an yi shi ne don bel ɗin wandon namiji. Ƙanwata kayan asibiti take sawa masu zariya, ranar hutu kuma abaya. Sai da ta nemo irin ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙarƙashin tufa, ta yi makonni tana koyon yaye riga da zarowa da bindiga babu harsashi. Sannan ta gano asibitin da take aiki, kamar wurare da yawa a Texas, ya hana shiga da makami, wato sai ta tanadi akwatin ƙarfe mai kulle a mota. Ka ga bindigar tana mota a daidai lokacin da take takawa zuwa motar. Don wannan tazarar, feshin barkono a hannu da rakiyar mai gadi sun fi kowace bindiga amfani. Babu wanda ya faɗa mana haka a shago.

To me nake kira a yi? A juya tsarin. Darasi ya zo kafin ciniki. Lasisin Texas, wanda har yanzu ana bayarwa ga mai so, yana bukatar awa huɗu zuwa shida a aji da gwajin harsashi 50, kuma a ajin ne ake koyon lokacin da doka ta halatta harbi da lokacin da zai kai mutum kurkuku. Wannan ma somin taɓi ne. Ta fara da bindiga mai ƙaramin harsashi, ta saba da ƙara. Ta yi hayar biyar ko shida a filin harbi, don yawancinsu suna ba da haya, ta harba kowace da hannunta. Ta duba ko gaɓar yatsanta ta farko tana kai wa kunama ba tare da ta karkatar da riƙo ba, ko tana iya ɗanawa da cirewa ita kaɗai, ko bayan harsashi hamsin tana sha'awar ƙarawa. Ta ware kuɗin kube da akwati da harsashin atisaye tun farko, don sukan kai kuɗin bindigar. Mu kuma yayye da mazaje da masu shago, mu koma baya mu kama bakinmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bayan wata bakwai ƙanwata ta koma, wannan karon ba ta gaya mini ba. Ta sami wata mace mai koyarwa, ta yi darasi huɗu, ta gwada bindiga shida. Ta sayar da libarbar da hasara, ta sayi baƙar fistol wadda ta fi ta farko nauyi da fiye da rabi. Wata abokiyar aikinta da suka yi ajin tare ta gama, ta ce ita ba za ta iya harbin mutum ba ko da za a kashe ta, ta sayi feshin barkono ta nemi a sauya mata lokacin aiki. A wurina dukansu biyu sun yi zaɓi mai kyau, domin kowace ta san abin da ta zaɓa.

Da ta nuna mini takardar harbinta, huda goma sun taru wuri ɗaya kamar tafin hannu, na ce ai da ta kira ni na raka ta. Ta naɗe takardar ta sa a jaka, ta ce, "Yaya, ai ka raka ni a karon farko."