Gwaninta ba ta wanke cin amana

Istvan Szabo, wanda ake furta sunansa Sabo, yana cikin manyan masu shirya fim na ƙasar Hangari. An haife shi a Budapest a 1938. Fim ɗinsa mai suna Mephisto, wanda ya fito a 1981, shi ne ya fara kawo wa ƙasarsa kyautar Oskar ta fim ɗin harshen waje a 1982. Labarin wani ɗan wasan kwaikwayo ne a Jamus ta zamanin Hitila, wanda ya sayar da mutuncinsa ga masu mulki don kada tauraronsa ya dusashe.

A 2006 wata jaridar adabi ta Budapest ta tono abin da aka binne. Bayan da sojojin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe boren 1956, ƴan sandan ciki sun kama Szabo yana ɗalibi a makarantar koyon wasan kwaikwayo da fim, suka mai da shi ɗan rahoto. Tsakanin 1957 da 1961 ya rubuta rahoto 48 a kan mutum 72, mafi yawansu abokan karatunsa ne da malamansa. Da asiri ya tonu, ya fara cewa ran wani abokinsa ya so ya ceta. Daga baya ya yarda cewa kansa ya ceta, don kada a kore shi daga makaranta. Masana da marubuta fiye da 100 suka sa hannu a takardar goyon bayansa, har da wasu da ya kai rahotonsu.

Ni dai ban yarda da masu cewa girman aikinsa ya rufe wannan magana ba. Wanda aka ci amanarsa yana da ikon yafewa, amma yafiyarsa ba ta mai da laifi ya zama jarunta. Na ji uzurin ƙuruciya, shekarunsa 19, kuma tsoron gwamnatin da ke rataye mutane ba wasa ba ne. To, mulkin kwaminis ya faɗi a 1989. Daga nan zuwa 2006 shekara 17 ne, babu mai riƙe masa baki, amma sai da wani ya tono. Ya yi ta shirya fina-finai a kan masu durƙusa wa mulki, nasa labarin kuwa ya kulle a akwati.

Duk da haka ba zan ce a jefar da Mephisto ba. A nuna wa manyan ɗalibai, a gaya musu wanda ya shirya shi da abin da ya aikata, su auna da kansu. Ɓoye rabin labari shi ma ƙarya ce.

Abin da ya fi damuna yana kusa da mu. Kafin a zargi saurayin, a tambayi wanda ya miƙa masa takarda da alƙalami. Iyayenmu sun san sambol, abin nan da ake rataya wa yaron da ya yi Hausa a lakwal, ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Har yau akwai ajin da malami zai fita ya bar wa yaro guda aikin rubuta sunayen masu surutu, ya dawo ya yi bulala bisa takardar. Wane darasi yaron ya ɗauka? Cewa hanyar tsira ita ce miƙa sunan ɗan'uwa, kuma kusanci da mai iko ya fi amanar aboki. Ba na haɗa bulalar aji da kurkukun Budapest, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malamai, tsaron aji aikinmu ne, kada mu ɗora shi a kan yaro. Yaron da ya ga ana zaluntar wani ya zo ya faɗa, wannan a yaba masa. Wanda aka naɗa ɗan leƙen asiri kuwa, an cuce shi tun kafin ya cuci kowa. Iyaye, in ɗanku ya dawo yana alfahari da sunayen da ya rubuta, ku je makaranta ku tambayi dalili.