Wasali Kafin Baƙi: Darasi Daga Sifaniyanci ga Malamin Hausa

Gabatarwa

Kebbe ƙaramar hukuma ce a kudancin Jihar Sakkwato, maƙwabciyar Tambuwal. Kebbi kuwa jiha ce sukutum da aka cire daga Sakkwato a 1991. Abin da ya raba sunayen biyu a rubuce bai wuce wasali ɗaya ba. Idan aka ce wa ɗalibin firamare ya faɗi haruffan sunan Kebbe, sau da yawa da sunayen haruffan Ingilishi zai kira su, harafin ƙarshe ya fito da sautin "i". Wanda ke rubutawa da kunnen Hausa sai ya rubuta Kebbi, ya fitar da garin daga jiharsa. Wannan ɗan misali ya isa ya nuna inda gizo ke saƙa a koyar da karatun Hausa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wajibi ne malamin Hausa ya fara koyar da wasula da sautinsu na Hausa, ta hanyar kunne, tare da bambanta dogo da gajere, kafin ya shagala da baƙaƙe. Harshen Sifaniyanci zai taimaka wajen fito da hujjar.

Abin da Sifaniyanci Ya Dace da Shi

Sifaniyanci harshen uwa ne ga mutane kusan miliyan 500 a Sifaniya da Latin Amurka, kuma harshen hukuma ne a Ikwatoriyal Gini da ke kusa da Nijeriya. Wasulansa biyar ne: a, e, i, o, u. Sunan kowane harafi shi ne sautinsa, kuma sautin ba ya sauyawa sosai ko a ina harafin ya faɗo a cikin kalma. Bahaushen da bai taɓa jin harshen ba zai iya karanta masa da mesa da musa kusan yadda masu harshen ke furta su, duk da cewa a wurinsu masa kwaɓaɓɓen gari ne, mesa kuma tebur ce. Daidaiton ya samu gata tun da wuri, domin hukumar kula da harshen, wadda aka kafa a 1713, ta fitar da littafin ƙa'idojin rubutu a 1741, kuma gyare-gyaren da suka biyo baya sun ƙara kusanta rubutu da furuci.

Ingilishi ya sha bamban. Tsakanin wajejen 1400 da 1700 furucin dogayen wasulansa ya sauya matuƙa, alhali rubutu ya riga ya fara daskarewa bayan zuwan injin ɗab'i Ingila a 1476. Shi ya sa harafin a yake da sauti daban-daban a cat da car da cake da call. Wani bincike da Seymour da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya gwada yaran ƙasashen Turai a ƙarshen shekararsu ta farko a makaranta. Yaran Sifaniya sun karanta fiye da kashi 90 cikin ɗari na kalmomin da aka ba su daidai, masu koyon karatu da Ingilishi kuwa ba su kai kashi 40 ba. Bambancin ya samo asali ne daga tsarin rubutun, domin yaran duk ɗaya suke a basira.

Haruffan wasulan Hausar boko su ma biyar ne, kuma sautinsu ya yi daidai da na Sifaniyanci. Ashe ke nan ɗan Bahaushe yana da irin gatan da ɗan Sifaniya yake da shi. Sai dai ana zubar masa da wannan gata tun ranar farko, lokacin da malami ya sa aji ya rera haruffa da sunayen Ingilishi. A can a sunanta "e", e sunanta "i", i sunanta "ai", u kuma "yu". Yaron da aka ɗora a kan haka, in ya zo shifta, zai rubuta e inda ake son i, ya rubuta a inda ake son e, kuma laifin ba nasa ba ne.

Inda Hausa Ta Fi Nauyi

Kamancin yana da iyaka. A Sifaniyanci tsawon wasali ba ya sauya ma'ana, a Hausa kuwa yana sauyawa. Kowane ɗaya daga cikin haruffa biyar yana wakiltar wasali biyu, dogo da gajere, wato goma ke nan. Ga kuma tagwayen wasula ai da au, waɗanda wasu masana ke ƙara musu ui, adadin ya zama 13. Daidaitaccen rubutu ba ya nuna tsawo, ba ya kuma nuna karin sauti. A dubi waɗannan misalai, inda kalmar farko take da gajeren wasali a gaɓar farko, ta biyu kuma dogo:

gari na zama da gari na tuwo;
fasa tulu da fasa tafiya;
dafa abinci da dafa kafaɗa;
jima a wuri da jima ta majemi;
duka mutane da duka da sanda.

Lamarin ya shiga har cikin nahawu. A jumlar "Audu ya tafi" wasalin ya dogo ne, amma a "Audu ne ya tafi" gajere ne. Haka kuma baƙo mai dogon wasali a ƙarshe shi ne wanda ya zo ziyara, Baƙo mai gajere kuma sunan mutum ne.

Akwai wasu wurare uku da ɗalibai ke yawan tuntuɓe. Na farko, idan e ko o suka faɗo a rufaffiyar gaɓa sukan gajarce su karkata zuwa a, shi ya sa yaro ke rubuta karansa alhali karensa yake nufi. Na biyu, gajerun i da u sukan yi musaya a baki, kamar a biki da buki, ko fushi da fishi. Na uku, tagwan wasalin ai yakan koma e a furucin mutane da dama, har rubuta "me kyau" a maimakon "mai kyau" ya zama ruwan dare a Facebook da WhatsApp. Ɗalibin Tambuwal ko Kebbe yana da ƙarin aiki, domin a Sakkwatanci mi ake cewa a inda Daidaitacciyar Hausa take da me, kamar yadda ake cewa tahi a maimakon tafi. Furucinsa ba kuskure ba ne, karin harshensa ne. Aikin malami shi ne ya nuna masa cewa rubutu yana da tufafin fita da kowa ya amince da su.

Masu Ganin Ba Haka Ba

Wasu na ganin ba a buƙatar wannan wahala, tun da muhallin kalma yana fayyace ma'anarta. Wannan gaskiya ne ga wanda ya riga ya ƙware. Mai koyo kuwa gaɓa-gaɓa yake bi, kafin ya kai ƙarshen jumla ya manta farkonta. Haka nan ajin Dogon Daji ko Jabo ko Kuchi ba ya rasa 'ya'yan Fulani waɗanda Hausa harshe na biyu ne gare su, kuma su muhallin ba ya cetonsu da sauri.

Wasu kuma na ganin a sauya ƙa'ida kawai, a riƙa ninka dogon wasali, a rubuta gaarii da garii. An taɓa gwada haka. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya ba da shawarar ninka wasali, kuma Jamhuriyar Nijar ta bi wannan tsari na wasu shekaru, kafin taron Yamai na 1980 ya kusanta rubutun ƙasashen biyu a kan barin ninkawar. Fulatanci ya riƙe tsarin, shi ya sa ake rubuta laawol. Ga Hausa kuwa, littattafai da jaridun da aka tara tun daga shekarun 1930 sun yi yawan da sauya ƙa'ida zai raba sabon makaranci da su. Ninkawa tana da amfani a kan allon aji a matsayin tsani, a cire ta idan kunne ya faɗa.

Darasi Daga Makarantar Allo

Abin mamaki, maganin yana nan a ƙofar gida. Makarantar allo ta ware mataki guda, wato farfaru, domin wasula kaɗai, bayan an gama babbaƙu. Almajiri yana koyon wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da imala, yana kuma sanin cewa alif da wau da ya suna sa a ja sauti. Rubutun ajami na Hausa ya gaji wannan, yana nuna tsawon da boko ya ɓoye. Yawancin yaran Tambuwal da Kebbe suna shiga aji ɗaya da wannan sani a kunnensu. Malami mai hikima zai ce musu wasalin farko na garin tuwo ana jan sa, kamar mai alif, nan take su gane.

Saboda haka ya kamata malami ya kiyaye abubuwa huɗu. Ya kira kowane wasali da sautinsa na Hausa a darasin Hausa, ya bar sunayen Ingilishi sai darasin Ingilishi. Ya fara da saurare, yara su ɗaga hannu idan sun ji dogon wasali, kafin a taɓa alli. Ya yi shifta da kalmomi masu kama da juna a cikin jumla. Sannan ya gyara rubutun ɗalibi ba tare da ya kushe karin harshen iyayensa ba.

Kammalawa

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa a farkon firamare. A watan Nuwamba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da komawa ga Ingilishi a matsayin harshen koyarwa. Wannan ya ƙara wa darasin Hausa nauyi, domin a nan ne yaro zai fi saurin gane cewa harafi sauti yake wakilta, kuma wanda ya gane haka a harshensa zai ɗauke shi zuwa kowane harshe. Malamin da aka tura Kebbe ko Sanyinna ba ya buƙatar na'ura ko sabon littafi domin wannan aiki. Yana buƙatar kunne, da alli, da haƙurin tsayawa a kan haruffa biyar har sai kowane yaro ya rubuta sunan garinsu daidai.