Takardar Koke Kan Tsagewar Ginin Makarantar Firamaren Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Sakataren Ilimi.



Ranka ya daɗe, mu iyayen yara da dattawan unguwa muke kawo maka kukanmu a kan ginin azuzuwan makarantar firamarenmu. Mun zagaya shi tare da tsofaffin maginan unguwa, kuma abin da suka nuna mana ya tayar mana da hankali matuƙa.

Na farko, bangon gabas ya tsage. Maginan sun ce tsagar da ta tsaya a fatar filasta, siririya kamar zare, ba abin tsoro ba ce. Wannan kuwa ta bi layin siminti tsakanin bulo da bulo, tana hawa daki-daki daga ƙasa zuwa kusurwar taga, ta fi faɗi daga sama, har babban mutum yana cusa yatsansa ciki. Irin wannan tsaga, in ji su, shaida ce cewa harsashi ya zauna ta gefe guda. Kafin ruwa ya sauka sun shafa ɗan kwaɓi a kanta don su gane ko tana motsi. Yanzu kwaɓin ya rabe biyu, ƙofar ajin ma ta daina rufuwa sai an ɗaga ta.

Na biyu, harsashin dutse ya fara sakin jiki. Simintin da ya riƙe duwatsun ya ruɓe, ko da makulli aka kankare shi sai ya zubo. Wasu duwatsun ana girgiza su da hannu. Dalili a fili yake: rufin ba shi da indararo, kwatar bayan aji ta toshe, don haka duk ruwan da ya sauko gindin bango yake kwanciya.

Na uku, danshi ya hau bango har ya kai gwiwa. Farin gishiri ya fito, fenti ya kumbura, idan aka ƙwanƙwasa filastar sai a ji ta rabu da bulo. Inda ta ɓare, bulon marmashewa yake yi a hannu.

Na huɗu, rodin da ke cikin lintar ƙofa ya yi tsatsa. Ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya ture kankaren da ya lulluɓe shi. Ɓaraguzan suna faɗowa daidai inda yara suke shiga da fita. Katangar makaranta ita ma ta yi ciki, ta karkato wajen filin wasa.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi yi mana ciwo shi ne gyaran da aka yi a baya. Ɗan kwangila ya zo, ya cike tsagar da siminti, ya shafa fenti, ya tafi, bai ko duba harsashi ba. Damina ɗaya ta tona asirin aikin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin irin wannan gyara ɓoye haɗari yake yi daga idon malamai da iyaye.

Ba mu manta da abin da ya faru a Babban Masallacin Zariya ba ranar 11 ga Agusta, 2023, lokacin da wani sashensa ya rufto kan masu sallar La'asar, bayin Allah da dama suka rasu. An ga tsaga a bangon masallacin tun kwana ɗaya kafin nan. Haka kuma ranar 12 ga Yuli, 2024, ginin wata makaranta ya rushe a unguwar Busa Buji da ke Jos, mutum 22 suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu ɗalibai. Allah ya ji ƙansu. Gini yakan yi gargaɗi kafin ya faɗi, kuma namu ya riga ya yi.

Saboda haka muke roƙon abubuwa huɗu:

1. A kwashe yara daga azuzuwan gabas tun yanzu, a sama musu wani wuri.
2. A turo injiniya ya duba harsashin, ya rubuta rahoto a karanta wa iyaye.
3. A fara da tsayar da ruwa: a sa indararo, a yashe kwata, sannan a ƙarfafa harsashi, a sake linta, a rushe katangar a sake ɗora ta.
4. A bar maginan unguwa su sa ido kan ingancin bulo da yawan simintin da ake sa wa kwaɓi.

Mu kuma a shirye muke mu yi aikin gayya, mu kawo yashi da ruwa. Ranka ya daɗe, waɗannan yara amana ce a wuyanmu da wuyanka. Muna roƙo a ɗauki mataki kafin ruwan Agusta ya kankama.

Allah ya taya ka riƙo, ya yi maka jagora, amin.

Naka masu biyayya,
Iyayen yara da dattawan unguwa.