Hancin Ƙarya a Kan Tankin Fetur



Akwai wata ta'ada da masu haɗa motar rairayi a gida suka ɗauka, wadda ya kamata a kira ta da sunanta: ƙarya ce aka shafa wa fenti. Mutum zai kwashe wata shida a garejin gidansa a Kalifoniya yana haɗa mota da hannunsa, ranar da ya kusa gamawa sai ya ɗauko zarto ya tsaga bonet, ya ɗora masa ƙaton hancin shaƙar iska irin na motocin tsere. To iskar ina za ta? Injin wannan mota a baya yake. Abin da ke kwance a ƙarƙashin bonet ɗin tankin fetur ne mai cin lita kusan 40, da wayoyin lantarki, da sandar sitiyari. Ya buɗe wa yashi da ruwan sama ƙofa a kan tankinsa, don kawai mai wucewa ya zaci akwai wani dodon inji a wurin.

Ga wanda bai san motar ba: 'yar gajeruwa ce, ba ƙofa, ba rufi, tayoyin baya manya, an yi ta don hawa tuddan rairayi da bakin teku. Gindinta na Volkswagen Beetle ne, motar nan mai doron kunkuru da aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975, wadda iyayenmu suka sani sarai. Ana cire bodin ƙarfen, a yanke farantin ƙasa a rage masa inci 14 da kwata, a sake haɗewa da walda, sannan a ɗora sabon bodi na faiba. Wanda ya fito da wannan siffa shi ne Bruce Meyers, a Newport Beach, cikin 1964. Ya sa mata suna Manx, sunan kyanwar nan marar wutsiya ta tsibirin Man, saboda ita ma motar gindinta a datse yake.

Meyers ya yi karatun zane, ya kuma yi aikin ƙera jiragen ruwa na faiba, kuma duka biyun suna nan a jikin motar. Faiba idan aka shimfiɗa ta a miƙe lanƙwasuwa take kamar kwali. Ƙarfinta a lanƙwasa yake, kamar ɓawon ƙwai ko ƙwarya. Shi ya sa kowane doro da kowane lauje a bodin Manx yana ɗauke da wani nauyi. Madigadin da ya ɗaga sama ya bar wa taya wurin tsalle. Gefen da ya naɗe ya hana bakin faiba tsagewa. Bonet ɗin da ya gangaro ya bar direba ya ga ƙasa dab da hancin motar, abin da rai ya rataya a kai idan ka hau ƙololuwar tudu ba ka san me ke bayansa ba. A 1967 Meyers da Ted Mangels suka ɗauki motar farko, wadda ake kira Old Red, suka ratsa tsawon Baja, tsakanin La Paz da Tijuana a ƙasar Meziko, cikin awa 34 da minti 45, suka karya tarihin da masu babura suka kafa da fiye da awa biyar. Siffar da ake ta yi wa kwaskwarima yau ta ci jarrabawa tun kafin a haifi yawancin masu kwaskwarimar.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa: motata ce, kuɗina ne, zufata ce, ina ruwan wani? Na yarda da rabin maganar. Launi naka ne. Ka zuba mata fentin nan mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe da aka yi yayi a shekarun 1960, ka sa kujerun da ranka ke so, ka zana sunan mahaifiyarka a gefe, ba mai cewa uffan. Amma kujera biyu ce a gaba, kuma wanda zai zauna a ta biyu bai halarci ranar da ka yanke bonet ba. Shi ya yarda da kai ne kawai.

Dubi abin da ke faruwa idan kwalliya ta riga tunani. Wanda ya tsaga bonet ya yanke zaren faiba a daidai inda take riƙe kanta, tsaguwa kuma daga kusurwar yanka take farawa ta yi ta tafiya da kowane gargada. Sai ya zo ya cike wurin da fila, ya lafta ta da kauri don ya samu doron da yake so. Fila ba ta lanƙwasuwa tare da faiba, ƙarshenta ta dare ta faɗo, fenti ya bi ta. Wani kuma zai ce tankin ya hana shi sauke bonet ƙasa yadda zai yi kyau a hoto, sai ya mayar da tankin baya, kusa da inji da salansa mai zafi. Motar da tun asali gabanta ba shi da nauyi, ya ƙara sauƙaƙa shi, ya danna sitiyari a kan rairayi gaban ya ƙi bi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Mafi muni shi ne abin da ake yi wa baya. Injin Beetle ba shi da lagireto, da iska yake sanyaya kansa. Fanka ce ke zuƙo iska ta tura ta cikin wasu gwangwanaye da aka tsara su bi ta kan silinda da na'urar sanyaya baƙin mai. A cikin Beetle akwai roba da ke raba iska mai zafi ta ƙasa da mai sanyi ta sama. A motar rairayi kuwa injin a fili yake, zafin ya fita ya yi tafiyarsa. Sai mai kwalliya ya ga injin tsirara bai yi masa ba, ya ƙera masa murfin faiba ya lulluɓe, bai raba sama da ƙasa ba. Fankar ta koma tana zuƙar zafin da ta fitar yanzu. A injunan da aka yi kafin 1971 silinda ta uku dama ita ta fi shan wahala, don iskarta sai ta biyo ta na'urar mai kafin ta iso. Ita za ta fara mutuwa, kuma ba a ƙofar gareji take mutuwa ba, can tsakiyar rairayi ne inda ba inuwa. Har akwai masu ɗaure bututun kariyar kifewa a jikin faiba maimakon a ƙarfen gindin mota, su yi masa kurom ya yi ta walƙiya. Ranar da motar ta juya, nan ne za a gane ado ne aka ɗaura.

Kada a fahimce ni a baibai, ban ce siffar Meyers wahayi ce da ba a taɓawa ba. Motar da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin The Thomas Crown Affair na 1968 Manx ce da aka sauya sosai: aka nutsar da fitilun cikin bodi, aka sa ɗan gajeren gilashi mai zagaye irin na jirgin ruwan gudu, aka ɗora injin Chevrolet Corvair mai silinda shida. Waɗanda suka yi aikin sun san abin da ke ƙarƙashin kowane wurin da suka taɓa, kuma McQueen da kansa ya yi ta watsa ta a bakin teku a gaban kyamara ba ta tarwatse ba. Shi kansa Meyers ai motar wasu ya yanka. Bambancin shi ne ya zauna ya fahimci Beetle tukuna, ya ga nauyin injin a kan tayoyin baya shi ke hana ta nutsewa a yashi, sannan ya ɗauki zarto.

Wannan cuta ta ɗaukar fata a bar ƙashi ita ce ta kashe kamfaninsa. Da Manx ta yi kasuwa, sai mutane suka riƙa sayen bodi ɗaya su shafe shi da kakuma, su lafta masa faiba su ciro mazubi, washegari su fara sayar da nasu. Don a ce ba sata ba ce sai a ɗan taɓa bonet, a ƙara masa doro ko a yi masa tsaga, a laƙaba sabon suna. Kun ga inda hancin ƙarya ya samo dangi. Ruwan gam ɗin faiba yana ɗan tsukewa idan ya bushe, saboda haka kwafin kwafi yakan fito a karkace, ga rowar kayan aiki da ke sa ya yi siriri. Meyers ya kai ƙara, a 1970 kotu ta soke masa haƙƙin mallakar ƙirar, a 1971 kamfanin B. F. Meyers & Co. ya rufe. Abin da ya fita daga hannunsa bai wuce 7,000 ba, kwaikwayon kuwa an ƙiyasta ya kai ɗaruruwan dubbai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu da muke ganin yadda ake ɗauke labarin marubuciya a sauya sunan jaruma da sunan gari a sake shi a matsayin sabo, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Meyers ya rasu a Fabrairun 2021 yana da shekara 94. Har yau mai sayen tsohon bodi, idan yana son sanin na asali ne ko jabu, bai cika tsayawa kan fentin bonet ba. Lambar da ke maƙale a jikin bodin yake nema, sannan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin madigadi, ya sa yatsa ya ji kaurin faibar.